Mai Salansa Biyu

Kunne ne ya fara saninsa, ido daga baya. Da la'asar sakaliya, idan inuwar darbejiyar ƙofar gida ta miƙe har ta taɓa katangar maƙwabta, mahaifiyarmu Dada takan tsaya da tankaɗe, rariya a hannu, ta karkata kai gefe guda kamar kazar da ta ji giftawar shirwa, sannan ta ce, "Ku cika buta." Mu a lokacin ba mu ji komai ba. Sai an ɗan jima wani gunji zai taso daga can bakin unguwa, ba tsiwar Suzuki ba, ba zizar Mobilet ba, gunji mai nauyi irin na dattijon da ke magana ƙasa-ƙasa a zaure, a ƙarƙashinsa kuma wani ɗan ƙwas-ƙwas-ƙwas yana biye, kamar ana kaɗa cokali a bakin langa. Baba ya dawo.

Ina ɗan shekara tara aka kawo shi, a 1975, shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sauka. Wani ya sayi gadon ƙarfe mai rumfa, wani rediyo mai cin batir shida, wani ya ƙaro aure. Baba kuwa ya hau mota ya tafi Maiduguri, inda takardun kowa suke zuwa a lokacin, bayan kwana huɗu sai ga shi a gaban wata babbar mota, abin yana baya an ɗaure shi da igiyar rama a tsakanin buhunan gishiri. Honda 175. Jan tanki mai farin ƙarfe a kumatu biyu, da baƙar roba inda gwiwa take kwanciya, agogon gudu a zaune a saman fitila kamar tabon salla a goshi, salansa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba mu ce masa mashin ba. Babur ne. Aka raba goro a ƙofar gida, Bappa ya tofa addu'a a kan sirdi, mata suna leƙe ta ramukan zana, ledar da aka naɗe sirdin da ita kuwa Baba bai yarda an cire ba sai da ta gaji ta yage don kanta. Tsohon kekensa Rali ya gangara hannun yayana Hamma. Ni aka ba ni tsumma.

Ban raina rabona ba. Daga wata tsohuwar rigar alawayyo aka yago shi, kuma na riƙe shi kamar wanda aka naɗa wa sarauta. Kowace yamma in Baba ya shigar da babur zaure ya ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, nakan tsuguna in jira ya huce, ina sauraron ƙis, ƙis, ƙis ɗin da ƙarfe yake yi in zafi yana barin jikinsa, ina shaƙar warin fetur da baƙin mai da jar ƙurar hanya, da wani ɗaci-ɗaci na Gamalin da ya kama jakar kakin Baba ya ƙi saki har ta mutu. Malamin gona ne. Yau Gella, gobe Muchala, jibi Mayo-Bani ko Digil, in damina ta kankama har gindin duwatsun da suka raba mu da Kamaru, inda yake gaisawa da Gude da Fali da Njanyi, kowa da ɗan abin da ya tsinta na harshensa, ragowar a cike da Fillanci. Ba ma tambayarsa inda ya je. Abin da ke kan kariya shi yake faɗa mana: ƙwan zabi a cikin dusa, rake an karya shi biyu, damin ɗanyar gyaɗa da ƙasarta, wata rana zakara a rataye ta ƙafa yana kallon Mubi a kife.

Ran Asabar mukan gangara Yedzaram. In rani ne ruwa ya janye ya bar yashi shimfiɗe, mata suna wanki a 'yan kududdufai, zannuwa a baje suna shan rana, shuɗi da ja da atamfa mai tsuntsu. Baba yakan naɗe ƙafar wando ya kama tayoyi, ni kuma in ɗauki toka da ɓarin lemun tsami in ta dirzar farin ƙarfen nan har in ga fuskata a ciki, faffaɗa, hanci a baje kamar na kwaɗo. Magana ɗaya yake maimaita mini, kada ruwa ya taɓa fulogi. Har yau in na yanka lemun tsami, fulogi nake tunawa.

Ranar Salla mu uku Baba yake ɗauka. Ƙanwata a kan tanki, ta riƙe murfin mai da hannu biyu, ni a bayansa, Hamma a kariya yana ɗaga ƙafa don kada wandonsa ya ɓaci. Nakan cusa fuskata a cikin babbar rigarsa mai ƙamshin shuni da turaren Bintu Sudan, in manna kunne a gadon bayansa, duk wanda ya gaishe shi a hanya kuwa, daga Lokuwa har ƙofar fada, amsar ba ta iska take iso mini ba, ta haƙarƙarinsa take biyowa, ta gauraya da gunjin inji, har ba na iya rarrabe wanne ne Baba wanne ne babur. A wata ƙaramar Salla ce salansar dama ta lashi ƙwaurina wajen sauka. Dada ta fasa ɗanyen ƙwai ta shafa, na yi kuka har na shiɗe, aka lallashe ni da sisin kwabo da nakiya. Tabon yana nan, kamar faɗin sule. Sa'o'ina da yawa suna da irinsa, in mun naɗe wando wajen alwala mukan gane juna.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba. A 1981 zazzaɓi ya kwantar da Baba, gida ya yi tsit da azahar, sai na zare makulli daga aljihun rigarsa da ke rataye a ƙusa, na tura babur a hankali har ƙarshen lungu kafin in taka kik. Wayyo, yaron nan. Me yake ji a ransa da iska ta cika masa riga a kan hanyar Digil, giya ta uku, ta huɗu, itatuwa suna gudu baya, yana ganin duk duniya ba wanda ya kai shi? Akuya ce ta gitta. Na danne birkin gaba a kan yashi, sai na tsinci kaina a cikin ciyawa, babur a kwance taya tana ta juyawa ita kaɗai. Madubi ya fashe, tanki ya lotsa a gefen hagu kamar an danna da tafin hannu. Da magariba na turo shi gida, na tarar da Baba zaune a kan buzu a zaure, lulluɓe da gwado. Ya tashi a hankali, ya sa babban yatsa a cikin lotsawar, ya zagaya ta sau biyu.

"Ƙafarka fa?"

"Lafiya, Baba."

"To, je ka yi salla."

Mako guda ina jiran dorina, ba ta zo ba. An canza madubi, tanki kuwa haka ya zauna, kuma kowace yamma tsummana sai ya faɗa cikin ramin nan ya fito. A lokacin na ɗauka hukuncin ke nan, kuma na yi mamakin wayon tsoho. Yanzu ina zargin kuɗin mai gyaran tanki ne babu.

Daga nan sai wani yaro ya shigo jikina wanda har yau ban gama yafe masa ba. Ya shiga sakandare, ya ga ana sauke 'yan ajinsu a Fijo 504, ya fara jin ƙwas-ƙwas ɗin nan kamar ana tona masa asiri a bainar jama'a. Litar fetur kwabo ashirin ce a lokacin, amma Baba in ya zo gangare sai ya kashe inji ya bar babur ya sulala, sai an kai ƙasa ya sa giya ya saki kulochi ya tashe shi, yaron kuwa yakan sunkuyar da kai don kada wani ya gane shi. Ran da za a mayar da shi makaranta yakan ce, "Baba, sauke ni a nan, zan sayi biro." Baba yakan tsaya, ya kwance masa akwatin kwano daga kariya, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya. Sau nawa aka yi haka? Biro nawa yaro ɗaya yake saye? Bai taɓa tambaya ba.

A ƙarshen 1986 na sami shiga Jami'ar Maiduguri. Aka saya mini katifa da bokiti da takalmi sau-ciki, aka ƙulle mini kuɗi a cikin hankici, ban tambayi daga ina suka fito ba, don yaro ba ya tambayar rijiya, ruwa kawai yake sha. Da na zo hutun farko sai na ga zaure ya yi faɗi. A tsakiyarsa akwai wani baƙin tabo inda mai yake ɗiga shekara goma sha ɗaya, a jikin bango kuma ga tsohon Rali ya dawo, an yi masa sabon faci. Dada ta ce wani mutum daga hayin Sahuda ya saya, ya ƙetare da shi Kamaru. Na san abin da na ce, don har yau yana yi mini kuwwa. Na ce, "Ai dama ya tsufa." Baba yana zaune yana gyara lagwanin fitilar ƙwai. Bai ɗago ba.

Ya yi sauran shekarun aikinsa a kan keke, ya hau gangaren da a da yake sulalawa, har Allah ya karɓi abinsa a 1999. Ni kuma na yi aiki, na yi aure, na sayi mota, na sayar, na sayi wata. Hoto ɗaya ne ya rage mana na babur ɗin, baƙi da fari, Baba yana zaune a kai da hular zanna, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallon mai hoto kamar wanda ake bi bashi. A cikin adakar Dada yake, tare da rasit da tsohon lasin.

Ranar Laraba, 29 ga Oktoba, 2014, da mahara suka shigo gari, ba wanda ya tuna da adaka. Da abin da ke jikinmu muka fita, muka nufi duwatsu, muna goyon Dada bi da bi, ni da ɗan Hamma. Da muka dawo bayan watanni, ƙofofi a ɓalle, adaka a kife a tsakar gida, abin da aka bari na takarda gara ta gama da shi. Matata ce tana share ɗakin Dada ta tsinci wata 'yar kwalla a ƙarƙashin gado, a cikinta maɓallai da allurar ɗinkin hula da kwabo mai huji guda uku, da wani ɗan makulli mai zaren shuɗi a wuya. Na biyu ne, wanda ake ajiyewa don ɓacin rana. Mutumin Kamaru bai tafi da shi ba. Na sa shi a aljihu, ya yi shekara bakwai yana bina ofis da masallaci, makullin da ba shi da abin buɗewa.

A ƙarshen 2021 na je wajen 'yan gwangwan neman ƙarfen da zan yi ƙofar akurki. Shekarun da aka hana babur yawo a gari sun kwantar da da yawa a zaure, waɗanda ba su sake tashi ba kuma nan ne makomarsu, a tsakanin matattun firji da ƙafafun injin markaɗe. A ƙarƙashin wani tsohon gadon ƙarfe na hango kwanon sarƙa, irin rufaffen nan mai ɗan murfin leƙawa, sai ƙafata ta tsaya. Na sa aka janye tarkacen. Ba taya, sirdi ya koma farantin tsatsa, zanzaro ya yi gini a cikin fitila, salansa ɗaya ce ta rage. A baya akwai lamba da ta kusa gogewa, amma haruffa biyu na farko suna nan: GG. Gongola, jihar da aka yanka wa rago a 1976 aka raba gadonta a 1991, ta tafi ta bar sunanta a bayan wani babur. Tankin shuɗi ne, na gani da idona shuɗi ne, amma duk da haka sai da na zagaya hagu na sa yatsa ina lalube. Sumul. Ba namu ba ne.

"Alhaji, a kilo muke sayarwa," in ji yaron. Sai ya dubi fuskata, nan take farashi ya sauka daga kan sikeli. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya ce albarka, na biya abin da ba zan faɗa ba, aka ɗora mini shi a kura aka turo har gida. Matata ta fito da ludayi a hannu, ta zagaya shi sau ɗaya.

"Malam, wannan kuma gadon wa aka raba aka ba ka?"

Na ce gyara shi zan yi. Ta ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ta koma madafa. Amma da dare na ga an lulluɓe shi da tsohon buhu saboda raɓa, kuma ba ni na lulluɓe ba.

Yaran makanikai sun yi mini ladabi, sun kuma yi mini dariya. Hannunsu ya saba da Bajaj da Jincheng da Haojue, a cire a jefar a sa sabo. Ɗaya ya buɗe murfin gefe ya ga kwantak, ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani, na uku ya ɗauki hoto da waya. Su suka tura ni bayan kasuwa wajen wani tsoho da yanzu janareto da injin ban-ruwa yake gyarawa, kowa Kawu yake ce masa. A wata rumfar kwano na same shi, tabarau ɗaure da zare, ƙasan rumfar ta yi baƙi ƙirin ta yi santsi saboda man shekaru. Tun yana yaro ya koyi aikin a hannun wani Inyamuri mutumin Nnewi. Ya daɗe yana kallon abin da na kawo, ya kuma ɗan kalle ni, sannan ya cire fulogi biyu, ya tsiyaya kananzir da baƙin mai a ramukan, ya toshe da tsumma.

"Ka dawo bayan kwana tara, ɗana. In ya juya, barci yake. In bai juya ba, ka mayar musu su auna."

Ran na tara ya sa sufana ya jijjiga a hankali, gaba, baya, gaba, sai wani abu a ciki ya yi ajiyar zuciya ya saki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wata goma sha huɗu muka yi. In na taso aiki sai in tuɓe riga in rataye a ƙusa, in zauna a kan wani mataccen batir in zama yaron shago. Tanki aka zuba masa tsakuwa da kananzir, yara biyu suka yi ta girgizawa kamar masu kaɗa nono, ruwan da ya fito ja wur kamar kunun kanwa da ya ƙone. Kabureta ɗaya ce take ciyar da fiston biyu, uwa ɗaya 'ya'ya biyu in ji Kawu, ya wargaza ta ya jiƙa 'yan tagullan cikinta a ruwan tsamiya, ya bi ƙofofinsu da silin waya ɗaya tak yana hurawa yana ɗagawa sama yana leƙen haske. Gaskit da kwali ya yanka, ya ɗora a bakin ƙarfe yana bi da ƙaramar guduma, ƙwan, ƙwan, ƙwan, har siffar ta fito da kanta. Tazarar kwantak da takardar kwalin sigari ya auna. Shi ya nuna mini cewa fiston ɗin nan biyu tare suke hawa tare suke sauka, wuta ce kawai suke karɓa bi da bi, shi ya sa muryarsa take fita a daidaice ba ta tsalle. In yana son jin lafiyar wani wuri sai ya kafa bakin sukudireba a kai, ya manna kunne a ƙotar, ya rufe ido.

Kayan kuwa sai da muka yi bara. Kamfanin ya daina ƙera irinsa tun 1979, aka koma Rodmasta, saboda haka duk abin da aka samu ko dai ya shekara arba'in a ƙasan kantar wani, ko an ciro shi daga gawar ɗan'uwansa. Zoben fiston daga Nnewi ya zo ta hannun wani ɗan kasuwa, a cikin kwalin da ya yi ruwan ƙasa don tsufa. Kwantak da kwayil a Ƙofar Ruwa aka samo a Kano, gilashin fitila a Panteka ta Kaduna. Batir mai bolt shida ya fi komai wahalar da mu, kowa sha biyu yake miƙo mana. Salansar dama wani direban da ke kawo shanu tike ya samo ta a Garwa, ya shigo da ita ta Sahuda a naɗe cikin tabarma, kuma na daɗe ina juya ta a hannu ina tunanin ko ta san ƙwaurina. Mai kushin ya ɗinka sirdi. Mai fenti sau uku yana haɗa ja ina cewa ba shi ba ne, wannan na barkono ne, wannan na manja, ni na goron da aka tauna nake so, har ya ce, "Alhaji, ko za ka tauno mini in gani?"

Wata rana Kawu ya buɗe cikin injin gaba ɗaya ya baje a kan buhu, haƙoran giya da ƙananan sarƙoƙi da bawul huɗu a jere kamar kayan wanzami, na tsaya ina kallo. Shekara goma sha ɗaya na yi ina goge bayan irin wannan, na san kowane lungu na fentinsa, ban taɓa ganin abin da ke wahala a ciki ba. Haka na yi wa Baba ma.

Da sanyin safiyar wata Asabar a Janairun 2023, hazo ya rufe duwatsu, Kawu ya buɗe mai, ya ja cok, ya ce in taka. Na taka sau shida, shiru. A na bakwai ya yi tari, ya tofar da shuɗin hayaƙi, ya yi kamar zai koma, sai ya kama. Gunjin nan ya cika rumfa, mai nauyi, a daidaice, ƙasa-ƙasa. Mutanen teburin mai shayi suka taso da kofuna a hannu. Wani dattijo mai sanda ya tsaya ya fara lissafo waɗanda suka taɓa hawan irinsa a garin nan, hedimasta wane, malamin asibiti wane, duba-gari wane, kowanne sai ya ce Allah ya jiƙansa, mu ce amin. Ni dai na rasa inda zan sa hannuna.

Da gangan na jira la'asar sakaliya. Na ɗaura tsohon makullin nan a zobe ɗaya da sabon, na zagaya ta bakin unguwa, ta hanyar da yake biyowa, na rage gudu a inda yake ragewa, na shiga zaure na kashe a kan tsohon tabon mai da siminti ya rufe tuntuni. Dada tana kan tabarma da carbi. Yana ta rufe mata ido, amma kunnen yana nan.

"Wane baƙo muka yi?"

"Ni ne, Dada. Irin babur ɗin Baba ne na gyara."

Ta sa aka kama ta ta taso. Ta shafa sirdi, ta shafa tanki, hannunta ya gangara gefen hagu ya ɗan tsaya a wurin, sannan ta sunkuya ta shaƙi zafin injin. Ta ce in tashe shi. Na tashe shi. Ta karkata kai gefe guda, ta daɗe.

"Mai kyau ne, Allah ya tsare. Amma ba muryarsa ba ce. Na mahaifinku yana da 'yar ƙwas-ƙwas. Ita nake fara ji tun kafin gunjin."

Na kwana ina juyi. Da safe na koma rumfa na gaya wa Kawu akwai abin da muka manta, wani ƙarfe ne ko wani noti da yake ba da wannan sautin, a nemo shi ko a Legas yake. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya share ido da bayan hannu.

"Ɗana, wannan ai ba kaya ba ne, ciwo ne. Sarƙa ce ta gama miƙewa, sufoket ya cinye, take dukan kwanonta. Malamin gona mai lotsattsen tanki ba? Duk wata sai ya zo in ɗaure masa. Wurin ɗaurewa ya ƙare, muka cire ƙwaya ɗaya. In ce, Malam, a canza, wata rana za ta tsinke maka a daji. Ya ce sai an yi albashi. In an yi albashi ya ce yara za su koma makaranta."

Na ce ashe ya san shi. Ya ce tun ranar da na shigo rumfar ya gane tafiyata, bai ga abin faɗa ba ne.

Na zauna a kan mataccen batir ɗin nan na yi shiru. Abin da Dada take ji ta ce a cika buta, abin da na sunkuyar da kai saboda shi a ƙofar makaranta, abin da na kashe wata goma sha huɗu da kuɗin da ba zan faɗa ba ina nema, ashe kuɗin sarƙa ne da aka mayar da su littafi da sabulu da akwatin kwano. Kullum yana tafe yana kaɗa mana shi tun daga bakin unguwa. Ba wanda ya iya karantawa sai ita.

Can na ce, "Kawu, to a ɗan sassauta mini ita."

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ni gyara na koya, ban koyi ɓatawa ba. Tsufa ba a ɗaura wa babur shi da sufana. Ka hau shi. Ka kai shi inda ake bukatarka, rani da damina, shekara goma, zai koya da kansa."

Shekara goma. Na yi lissafin nawa a zuci, ban ce komai ba.

Yanzu in na idar da asuba ran Asabar nakan fito da shi, in bi hanyar Digil, wata rana in miƙe har Vimtim, in kai wa wani gaisuwar mutuwa, in duba wani mara lafiya, in dawo da rake ko ƙwan zabi a kariya. Hanyar ta canza, akuyoyin ba su canza ba. In na zo gangare nakan kashe inji in bar shi ya sulala, ba kowa a bayana da zai ji kunya, sai iska da ƙarar taya a kan tsakuwa, da tsohon makulli yana ɗan taɓa sabo. In na dawo na kafa shi a zaure, in tsuguna da ƙyar in jira ya huce, ƙis, ƙis, ƙis, tsumma a hannu.

Makon jiya, a wani kwazazzabo bayan ruwa ya ɗauke, na ji kamar wani abu ya taɓa kwano a ƙasan ƙafata ta hagu. Sau ɗaya ne, a hankali. Ban kai shi wajen Kawu ba.